Cikin Dije da Na Ce Ya Kwanta

Akwai ranar da na yi shekaru ina roƙon Allah ya mantar da ni ita, har yau ba ta mantu ba: ranar da wani likita a Kano ya tambayi wata baiwar Allah wa ya yi mata wankin mahaifa, ta juyo da fara'arta ta nuna ni. Kun ce in ba ku labarin aiki tunda ku za ku gaje mu a ɗakin haihuwa. Na san abin da kuke jira, labarin 'yan ukun da na karɓa ni kaɗai, wanda kowa ya haddace. To ba shi za ku ji ba. Yau abin kunyata zan faɗa muku, don haka ku kife wayoyin nan ku ba ni hankalinku.

A ƙarshen shekarun tamanin aka tura ni wani ƙaramin asibiti a tsakanin Karaye da Rogo. Ba zan kama sunansa ba, don laifin nawa ne, ba na wurin ba. Na je da takardar nas da ta unguwarzoma, ina matakin sitaf, wato matakin farko bayan an gama makaranta. Sama da sitaf sai sista, sama da sista sai mataron, mai kula da dukkan ma'aikatan jinya. Shekara biyu da zuwana aka ba ni sista, aka damƙa mini ɓangaren mata. Mutanen ƙauye dai ba ruwansu da wannan jerin, duk mai farar riga Malama suke ce mata. Likita kuwa sai ɗan bautar ƙasa, ya yi shekararsa ya tafi, mu yi wata uku ko huɗu kafin a turo wani. A wannan tsakanin duk abin da ya shigo ƙofa namu ne.

A haka na koyi wankin mahaifa, wanda mata ke ce wa wankin ciki. Bari in yi bayani saboda waɗanda ba 'yan aikin ba. Idan mace ta yi ɓari, wani lokaci ba komai ke fita ba, sai ragowar ta riƙa zubar mata da jini, ko ta ruɓe ta jawo zazzaɓi. To sai a buɗe bakin mahaifa da wasu ƙarafa, daga siriri zuwa mai kauri, a zura wani ƙarfe mai kai kamar ƙaramin cokali a kwaso ragowar. Ku yanzu kuna da sirinjin da ke zuƙowa a hankali, mu ƙarfe muke da shi. Kuma yadda aka koya mini, ba a tsayawa sai hannu ya ji ƙarfen yana ƙaras-ƙaras a jikin bango, kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Wai shi ne alamar an gama tas. Ni kuwa Allah ya yi ni da son a ce aikina ya fi na kowa tsabta. Inda wani zai tsaya da ya ji ƙaras ɗin farko, ni sai na zagaye ko'ina na ji shi.

Matan yankin kuma sun ɗauki wankin nan maganin haihuwa ne. Ba su kaɗai ba, har wasu manyanmu a aikin haka suke cewa a lokacin, a wanke mace sai ciki ya shiga. Matar da ta yi shekara biyu shiru sai a ce mahaifarta ta yi datti. Idan ta zo kika ba ta ƙwaya kika ce ta ƙara haƙuri, a wurinta ba ki yi komai ba, gobe sai ki ji ta a bayan shagon wani mai kemis. Na yi wa mata biyu ko uku, Allah ya sa suka samu ciki daga baya, waɗanda yanzu na tabbata ko ban taɓa su ba, da sun samu. Shi ke nan suna ya fita. Daga Beli, daga Rogo Ruma, har daga Falgore ana zuwa neman Malama Rabi mai hannun haihuwa. Ina jin daɗin sunan nan, ba zan ɓoye muku ba. Idan na shiga kasuwa har sassauta tafiya nake yi don a gan ni.

Dije daga wata ruga take a gefen Falgore. Doguwa ce mai wushirya, Hausarta tana fita da ɗanɗanon Fillanci, shekarunta ba za su wuce ashirin da biyu ba. Mijinta Malam Sale manomi ne mai 'yan shanunsa, mutum mai sanyin magana, in zai gaishe ki sai ya cire takalmi tun daga bakin baranda. Cikin damina ya kawo ta, ta yi ɓarin wata uku jini ya ƙi tsayawa, ta yi fari fat. Ba mu da likita a watan. Na yi mata wanki, jini ya tsaya, bayan kwana huɗu ta tafi gida da ƙafarta. Wannan na farkon ba na jin kunyarsa, don da ban yi ba da ba ta tashi ba.

Bayan shekara guda sai ga ta da ƙwaryar nono da curin man shanu. Muka gaisa, na tambayi mutanen gida da shanu, sannan ta sunkuyar da kai ta ce har yanzu shiru, kuma surukarta ta ce a zo a sake wankewa. Kun san abin da ya kamata in yi, an koya muku. In tambaye ta yadda al'adarta take, in gaya mata shekara ɗaya bayan ɓari ba abin tayar da hankali ba ce, in ce a duba mijin shi ma, in abin ya ƙi in rubuta musu takarda zuwa Kano. Ko ɗaya ban yi ba. Na ce ta hau gado.

Wata bakwai bayan nan ta sake dawowa. Ta ce al'adarta ta ragu, kwana biyar ɗin da ta saba ya koma biyu, shi ma kaɗan-kaɗan. Wannan maganar ita ce ya kamata ta riƙe mini hannu. Ni kuwa da bakina na ce mata ai dattin ne yake ƙarewa, saura ƙiris. Na yi mata na uku. Kuma ranar na dage fiye da kullum, don na ƙudura a raina wannan karon sai ta samu, kada a ce hannun Malama Rabi ya gaza a kan Dije.

Watan da ya biyo baya ɗigo ta gani. Na bayansa ba ta ga komai ba. Da aka cika wata uku sai ga su ita da Malam Sale, yana ta murmushi yana kallon ƙasa. Ba mu da abin gwajin fitsari a lokacin, sai an kai Kano, balle na'urar hoton ciki. Kayan aikinmu hannu ne, da tef na awo, da ƙaho, wato ɗan bututun nan mai faɗin baki da ake kifawa a kan ciki a saurari bugun zuciyar ɗa. Mace da mijinta, al'ada ta ɗauke wata uku, tana cewa zuciyarta na tashi da safe, me kuke so in ce? Na buɗe mata katin awo. Dije ta riƙe katin da hannu biyu ta ce in Allah ya sauke ta lafiya kuma mace ce, takwara za a yi mini.

A wata na huɗu na taɓa mararta ban ji mahaifa ta taso ba. Na ce wa kaina ƙila lissafin kwanakin ne ya kuskure. A wata na biyar ya kamata a ce ta kai cibiya. Na danna, na laluba, babu. Na kifa ƙaho, na matsa nan, na matsa can, ba abin da nake ji sai kukan hanjinta da bugun jinin kunnena. Ita kuma tana kwance ta zuba mini ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ta ce, "Malama, yana nan?"

Na ce, "Yana nan."

Surukarta tana zaune a kan benci a bakin ƙofa. Da ta ga na daɗe ina lalube sai ta ce ita dama ta gane, cikin ne ya kwanta, ta ga irinsa a danginsu, wata sai da ta yi shekara uku kafin nata ya tashi. Kun san maganar. A ƙauyukanmu idan al'ada ta ɗauke ciki bai fito ba, sai a ce ɗan ya kwanta, wata rana zai farka ya ci gaba da girma. A makaranta an koya mana babu wannan a jikin ɗan Adam, har jarrabawa na ci a kai. Amma tsohuwar nan ta buɗe mini ƙofar fita, ni kuwa na bi da gudu. Na gyaɗa kai na ce haka ne, Inna, ya kwanta, a ci gaba da zuwa awo duk wata.

Da na koma gida bayan la'asar na zaro tsohon littafina na makaranta. Ga abin nan a rubuce. Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa a cikinta, mai taushi mai jini, don in ciki ya shiga ya samu inda zai manne ya sha. In bai shiga ba sai shimfiɗar ta zube, ita ce al'ada, wata kuma ta tsiro daga tushen da ke ƙarƙashi. Wannan ƙaras-ƙaras da nake bi lungu-lungu, tushen nake kankarewa. In ya tafi shimfiɗa ba ta tsirowa, sai bango ya manne da bango ya zama tabo. Kuma littafin ya ce alamar farko ita ce raguwar al'ada bayan wanki. Na karanta sau biyu, na rufe shi na tura ƙarƙashin akwati. Ku riƙe wannan da kyau, kada nan gaba wani ya ce Malama Rabi rashin sani ne ya kama ta: tun wata na biyar na sani.

Dije ta ci gaba da zuwa. Duk Talatar farkon wata, ruwa ko rana, tana cikin 'yan layin farko. In auna nauyinta, in ba ta ƙwayar ƙarin jini, in kifa ƙaho, in rubuta a kati babu canji. Malam Sale ya hana ta ɗaukar ƙwarya zuwa tallan nono, ya hana ta daka. Ana yi mata rubutu tana sha, ana jiƙa mata saiwoyi don ɗan ya farka. Duk wata mararta takan murɗa kwana biyu ko uku, wanda yanzu kun san lokacin al'adar ne ke zagayowa babu hanya, ita kuwa sai ta zo da murna ta ce ya motsa. Matan da ta fara layi da su suka haihu, suka dawo rigakafi da goyo, 'ya'yan wasu har suka fara rarrafe. Tana ɗaukar 'ya'yansu tana yi musu wasa tana cewa nata malalaci ne, barci ya gado.

Na daina yi wa masu neman haihuwa wanki tun daga lokacin. Duk wadda ta zo sai in ce ƙarafan sun lalace. Wato na san abin da zan yi in kare waɗanda ban taɓa ba, amma wadda na riga na taɓa na kasa buɗe mata baki. Sau nawa na shirya maganar tun daga gida, in ce yau sai na faɗa. Da ta shigo ta ce Malama ina kwana, ta ajiye mini ƙwan zabi a ƙulle a gefen tebur, sai in haɗiye. Tsoro ne, ba wani abu ba. Tsoron a ce mai hannun haihuwa ta kashe wa yarinya mahaifa, tsoron takardar tuhuma daga ofis, tsoron idon Malam Sale. Ƙwan kuwa karɓa nake yi, in kai gida in soya in ci.

A haka muka kai wata goma sha takwas. Sai aka turo mana sabuwar mataron, Hajiya Asabe, mace mai tsauri wadda ba a yi mata kwana-kwana. Satinta na farko ta ce a kawo mata duk katunan awo ta duba da kanta. Ranar Litinin ta aiko a kira ni. Na tarar da katin Dije a gabanta, an lanƙaya masa takarda ta biyu don layukan sun cika.

Ta ce, "Sista Rabi, wannan mutum ce ko giwa?"

Na ce irin cikin nan ne da suke cewa ya kwanta.

Ta cire tabarau ta ajiye. "Su suka ce. Ke da aka ba farar riga, me kika ce?"

Na sunkuyar da kai. Ba ta ƙara tambaya ba, ta ja takarda ta rubuta wa likitan mata a wani babban asibiti a Kano, ta ce ni zan raka su, tunda Dije ba ta san birni ba kuma ni na san tarihinta. Da ta faɗi kalmar tarihi sai da ta ɗago ta dube ni.

Muka tafi ranar Laraba da sassafe a motar haya, ni da Dije da Malam Sale. Likitan dattijo ne, ya yi karatu a ƙasar waje amma Hausarsa ta cikin gari ce. Ya gaishe su a natse, ya karanta takardar mataron, ya juya katin gaba da baya. Sannan ya tambayi Dije ko an taɓa yi mata wankin ciki. Ta ce sau uku. Ya ce wa ya yi mata?

Ta juyo gare ni fuskarta a sake. "Ga ta nan, Malama Rabi. Duk ƙasarmu babu mai hannunta. Allah ya saka mata da alheri, ko sau ɗaya ba ta gaji da ni ba."

Likitan ya dube ni, ya dubi bajon da ke ƙirjina. Wallahi da ƙasa za ta tsage a wurin da na shige.

Ya sa ta kwanta, ya shafa mata ruwan nan mai yauƙi, ya ɗora na'ura. Ya karkato allon wajena ya nuna mini wani siririn layi a tsakiyar mahaifar. Ya ce shimfiɗar da ake fatan ciki ya kama a kanta takan kai milimita bakwai ko takwas, ta Dije ko uku ba ta cika ba, kuma a wurare da dama layin ya yanke, wato bango ya manne. Daga nan ya zauna ya faɗa musu a fili cewa babu ciki, kuma ba a taɓa yin sa ba. Dije ba ta yi kuka ba. Tambayarsa ta yi ko ɗan da ya kwanta yana iya ɓuya wa na'ura. Ya ce a'a, 'yata, ba ya iyawa.

Malam Sale ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce, ranka ya daɗe, ya ji a rediyo an ce Turawa suna haɗa ciki a kwalba su dasa wa mace, in shanu za su iya kai su wurin, zai sayar. Likitan ya ce gaskiya ne ana yi, ya gani da idonsa a inda ya yi karatu. Ya ce har ƙwan wata macen suke ɗauka su dasa wa wadda nata ya ƙare, ko da yake wannan malamanmu suna da magana a kai. Amma abin da ya sa ya kawo zancen, ya ce, shi ne abin da ya lura da shi a can. Za a ɗauki ƙwai masu kyau daga mace ɗaya mai ƙuruciya a dasa wa mata biyu. Mai shimfiɗa mai kauri sai ya kama. Mai siririya galibi ba ya kamawa, in ma ya kama sai ya zube. Ya ce ƙwan Dije lafiyarsa ƙalau, ba ta bukatar na kowa, inda zai sauka ne babu.

Malam Sale ya gyaɗa kai a hankali ya ce, "Wato iri ne a kan fako."

Likitan ya ce haka ne. Ya ce za su gwada aiki su raba mannewar, su ba ta ƙwayoyin da ke tayar da shimfiɗa, amma ba zai yi musu alkawari ba. Ya ce su jira a waje, ni in tsaya. Ya koma Turanci, murya ƙasa-ƙasa, bai zage ni ba, da ma zagin ya yi. Ya ce wankin banza ya ga da yawa, ba ni ce ta farko ba. Abin da ya dame shi katin ne. Ya ce da a watannin farko aka kawo ta, tabon yana da taushi, da ya fi sa rai, amma shekara ɗaya da rabi ta sa ya yi tauri. Ya ce bai gaya musu abin da ya jawo ba, kuma ba don ya rufa mini asiri ba ne, don daga bakina ya kamata su ji.

A tasha, muna jiran mota ta cika, Dije ta kama hannuna ta ce in yi haƙuri, ta ba ni wahala wata da watanni a kan abin da babu. Ita take ba ni haƙuri. Na ce ba komai, na juya kai wajen taga, har muka iso ban sake iya kallonta ba.

Sati uku na yi ban je ba. Kullum da safe in na shiga gaishe da Hajiya Asabe, abu ɗaya take cewa, kin je? In ce tukuna. Ranar Asabar ta huɗu na hau mota zuwa Rogo, na hau babur zuwa rugarsu. Kaka ce, an kwashe gyaɗa, ana yankan dawa. Na tarar da Dije a gindin bishiya tana kaɗa nono. Ta tashi da sauri ta shimfiɗa mini tabarma, muka yi gaisuwa mai tsawo, na ja ta fiye da yadda ake ja don kada a zo wurin. Daga baya na ce a kira Malam.

Na faɗa musu komai. Na ce wanki na biyu da na uku bai kamata in yi ba, su suka kankare shimfiɗar. Na ce da ta gaya mini al'ada ta ragu, gargaɗi ne na mayar da shi albishir. Na ce tun wata na biyar na san babu ciki, kuma likita ya ce jinkirin da na jawo ya rage mata dama. Malam Sale ya yi salati, ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya tashi ya sa takalminsa ya nufi wajen shanu. Bai dawo ba har na tafi.

Dije ta daɗe tana kallon ƙwaryar da ke gabanta. Da ta yi magana muryarta ba ta tashi ba.

"Wankin ni na roƙe ki, Malama. Da kin hana ni da na tafi wani wurin. Wannan na bar wa Allah." Ta ɗago. "Amma duk wata ina kwance, ki ɗora ƙahon nan, ki rufe ido, ki daɗe. Ni har numfashi nake riƙewa don kada in dame ki. Me kike saurara?"

Na ce, "Babu komai, Dije."

Ta ce, "To. Ni kuwa hira nake yi da shi."

Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba, ni da na je ba da haƙuri. Ita ta tashi ta dama mini fura, don baƙuwa ce ni a gidanta, ta ajiye a gabana ta shiga ɗaki. Na zauna har furar ta kwanta ban iya kai ludayi baki ba. Da na miƙe na yi sallama ta amsa daga ciki. Kun san mutanen ruga, ko mai tallan gishiri sai sun taka masa zuwa bakin hanya. Ni kaɗai na fito.

An yi mata aikin sau biyu a Kano. Al'ada ta dawo, yini ɗaya a wata. Bayan shekara uku na ji ta samu ciki na gaske, ya zube a wata na biyu, daga shi ba ta ƙara ba. 'Yar ƙaninta ta ɗauka ta riƙe har ta aurar. Malam Sale bai kai ƙarata ko'ina ba. Hajiya Asabe ta ba ni takardar tuhuma, aka riƙe mini ƙarin girma, wannan ko a jikina. Abin da ya tsaya mini shi ne, duk sauran shekarun da na yi a wurin, in Dije ba ta da lafiya sai ta wuce ƙofar asibitinmu a mota ta tafi wani mai nisa.

To ga abin da aikin nan ya koya mini, ku ɗauka ko ku bari. Hannu zai yi kuskure, naku ma zai yi, babu unguwarzomar da ta yi ritaya da hannu mai tsarki. Mutanenmu kuma suna da yafiya a kan kuskuren hannu fiye da yadda kuke zato. Kuma za su riƙa kawo muku bayanin da zai rufa muku asiri, su ce ya kwanta, su ce iska ce, su ce haka Allah ya so, duk don sun yarda da ku. Kada ku laɓe a bayansa. In kun kifa ƙaho ko na'ura ba ku ji komai ba, ku ɗago kai ku ce ba ku ji ba. Za ta yi kuka, ku bar ta ta yi, ku rubuta mata takarda a ranar. Ni na hana Dije wannan kukan wata goma sha uku, kuma lokacin da ta zo yin sa, ɗan abin da ya rage a gyara ya riga ya wuce.